Tarihin Injin Juya Katako da Yadda Ake Tarayya a Kansa

'Yan'uwa mazauna Sabo. A taron ƙungiyarmu da ya gabata an kawo shawarar a sayi injin juya katako guda ɗaya, wanda yaranmu kafintoci za su riƙa aiki da shi bi da bi, maimakon su dinga kwasar ƙafafun kujera da na gado zuwa kasuwar katako ta Bodija ana yi musu suna biya. Wasu suka ce a saya, wasu suka ce ai mun ga yadda ta ƙare da injin markaɗe, har aka tashi ba a tsai da magana ba. Mu dai 'yan kasuwa ne, ba masassaƙa ba, amma mun ga ya kyautu mu kawo tarihin wannan inji da na mutanen da suka yi tarayya a kansa, ko Allah Ya sa ya taimaka mana.

Da farko, ga wanda bai taɓa ganin aikin ba. Masassaƙanmu na gida ajiye itace suke yi, su bi shi da gatari da gizago har turmi ko akushi ya fito. Shi kuwa wannan, ana danne guntun itace ne tsakanin tsinin ƙarfe biyu, a sa shi ya yi ta juyawa, sa'an nan mai aiki ya kara kurfi a jikinsa yana fere shi har ya fito zagayayye sumul.

Aikin nan tun asalinsa na mutum biyu ne. A ƙasar Masar, a jikin bangon kabarin wani mutum mai suna Petosiris, wanda aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), an zana mutum biyu suna yin sa: ɗaya yana jan igiyar da ke juya itacen, ɗaya yana riƙe da kurfi. In mai igiya ya gaji, mai kurfi sai ya zauna. Daga baya aka samo dabarar naɗa igiyar a jikin baka, mutum ya ja da hannu ɗaya. Da irin wannan aka yi tagogin katako masu ƙananan ƙulle-ƙulle na tsofaffin gidajen Alƙahira, waɗanda ake kira mashrabiyya. A kasuwar Marrakesh ta Maroko kuwa an san magina wannan sana'a da jan baka da hannu, suna tallafe kurfin da yatsun ƙafa.

A Ingila masu sana'ar sun yi ƙarfi har Sarki James na Ɗaya ya ba ƙungiyarsu ta London takardar izini a 1604. A dazuzzukan Chiltern, kusa da garin High Wycombe da ya yi suna wajen kujeru, akwai waɗanda ke kafa 'yar bukka cikin daji, su lanƙwasa doguwar sanda su ɗaura mata igiya, suna takawa da ƙafa itacen na juyawa. Ƙafafun kujera suke yi, suna sayar wa masana'antun gari a kan lissafin 144 kowane ɗauri. Da injunan masana'antu suka yawaita, sai kasuwarsu ta yi ta ja da baya, kafin 1960 ta mutu. Wani tsoho mai suna George Lailey, wanda ke fere kwanonin itace da irin wannan inji na ƙafa a ƙauyen Bucklebury, ya rasu a 1958, aka kai injinsa gidan tarihi a garin Reading.

To, a nan ne abin mamaki yake. Yawancin waɗanda suka raya sana'ar bayan ta kwanta ba masu neman abinci da ita ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da 'yan fansho, masu yin ta don sha'awa in sun tashi daga aiki. A watan Oktoba na 1985 aka yi wani taron masu juya katako a makarantar Arrowmont da ke jihar Tennessee a Amurka, daga nan aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1986, wadda ta yi rassa fiye da 300. 'Yan Birtaniya suka kafa tasu a 1987. Abin da ya haɗa kansu kuwa mu 'yan kasuwa mun fi kowa gane shi: kayan aikin tsada gare su. Ba injin kaɗai ba ne, akwai kurfi iri-iri, da dutsen wasa su, da zarto, da wurin ajiyewa. Mutumin da zai yi aiki kwana ɗaya a mako, ina dalilin ya zuba jari a abin da zai kwana shida a rufe? Saboda haka rassa da yawa suka sayi injuna na ƙungiya, sabon shiga ya koya a kai, wani lokaci ma a ara masa ƙarami ya kai gida kafin ya san ko zai sayi nasa.

Ba su kaɗai ba ne. A birnin Berkeley na jihar California, laburaren gari ya buɗe sashen aron kayan aiki a 1979, mutum ya je da katinsa ya ari zarto ko guduma kamar yadda ake aron littafi, da ranar mayarwa a rubuce. A Ostareliya kuma, cikin shekarun 1990 aka fara buɗe rumfunan maza, inda dattawan da suka bar aiki ke haɗuwa su yi aikin katako da kayan tarayya, su kori kaɗaici. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu a 2007, rumfunan suka haura 1,000, abin ya ƙetara har Ayalan da Birtaniya.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, me ya sa nasu ya ɗore? Ba wai sun fi mu amana ba ne, su ma akwai mai mayar da kurfi da dakushewa ya yi shiru. Abin da suka yi shi ne ba su bar maganar a baki ba. A yawancin wuraren nan ba ka taɓa inji sai wanda ya iya ya gwada ka ya amince. Akwai mai riƙe da mabuɗi, akwai littafin da ake sa hannu. Kowa na biyan kuɗin shekara, daga ciki ake gyara, ba a jira sai inji ya tsaya a fara yawon neman gudummawa. Wanda ya gama aiki ya share wuri, in wani abu ya karye ya faɗa nan take. Da yawansu kuma sun hana mutum ya yi aiki shi kaɗai.

Wannan ta ƙarshe kada mu raina ta, jama'a. Abin da ke juyawa da ƙarfin lantarki ba ya jin magiya, in ya kama hannun riga ko gashi ba ya saki. A watan Afrilu na 2011 wata ɗaliba a wata jami'ar Amurka ta rasa ranta da dare a ɗakin aiki, gashinta ya naɗe a jikin irin wannan inji na juya ƙarfe. Mu da muke sa babbar riga da rawani, sai mu ƙara lura. Kun ga ke nan an koma inda Misirawa suka fara: mutum biyu a kan inji ɗaya.

Mu koma kan injin markaɗen da aka tuna mana. Mun sayo shi da kuɗin kowa, amma ba mu sa sunan kowa a kansa ba. Da bel ya tsinke, wannan ya ce ba a hannuna ba ne, wancan ya ce na tarar da shi a haka, aka ɓata da juna, har wasu gidaje biyu suka daina gaisawa na ɗan lokaci, injin kuma ya yi tsatsa a bayan shago. Laifin ba na haɗa kuɗi ba ne, don da adashi da aikin gayya muka tashi, kuma da riƙon amanar masu gida iyayenmu suka kafa cinikin goro da shanu a unguwar nan tun da aka yanka ta a 1916. Malamanmu na Islamiyya ma sun karantar da mu cewa kayan da Suratul Ma'un ta zargi masu hana aronsu, masu tafsiri sun kawo misalinsu da gatari da tukunya da guga. Ba da aro alheri ne, mayar da shi yadda aka karɓa kuwa wajibi ne.

Don haka shawararmu ga kwamiti ita ce a saya, amma kafin a fitar da ko kwabo a rubuta abu huɗu: wa zai riƙe mabuɗi, wa zai koyar ya kuma tantance, nawa mai aiki zai ajiye na gyara da man janareta, da kuma hukuncin wanda ya ɓata ya ɓoye. A karanta a gaban taro, iyayen yara su shaida. In an kasa daidaitawa a kan takarda, to gara kuɗin su zauna a asusu yaran su ci gaba da zuwa Bodija, da a sake sayo mana abin gaba.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin. Wassalam.