Na'urorin Hannu da Matsayin Mutum a Ƙasar Sin: Tsakanin Ɗalibi da Ɗan Kasuwa, 1970 zuwa 2024

Gabatarwa

Abin da muke so mu duba a wannan takarda shi ne yadda ƙananan na'urorin lantarki waɗanda mutum ke riƙewa a hannu ko ya rataya a ƙugu suka zama ma'aunin daraja a ƙasar Sin cikin shekaru kamar hamsin. Za mu taƙaita a kan rukuni biyu na jama'a, watau ɗalibai da 'yan kasuwa, domin kuwa tun zamanin sarakuna malaman Sin sun kasa al'umma kashi huɗu, suka sa mai ilmi a sama, manomi na bi masa, sannan mai sana'ar hannu, ɗan kasuwa kuwa shi ne kurar baya. Ra'ayinmu shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan biyu da abin da na'ura ta yi masa shaida a kai: ɗan kasuwa ta shaide shi a kan yana da abin biyan bashi, ɗalibi kuwa ta shaide shi a kan yana karatu. Matsala ta taso ne a lokacin da ɗalibi ya fara auna kansa da mudun ɗan kasuwa.

Zamanin takardar izini

A shekarun 1970, kafin rasuwar Mao Zedong a 1976, burin magidanci a birni bai wuce abubuwa huɗu ba, waɗanda Sinawa ke yi wa kirari da masu juyawa uku da mai magana ɗaya: keke, da keken ɗinki, da agogon hannu, da rediyo. Wasu daga cikin sunayen ba baƙi ba ne a kasuwanninmu, alal misali keke samfurin Phoenix da keken ɗinki samfurin Butterfly. Agogo samfurin Shanghai yakan kai yuan 120, alhali albashin ƙaramin ma'aikaci a wata bai kai yuan 40 ba. Sai dai kuma kuɗi kaɗai ba su sayen waɗannan kaya, sai an haɗa da takardar izinin saye, wadda ake rabawa ta hannun ma'aikatar da mutum ke aiki. Saboda haka wanda ya naɗe hannun riga don a ga agogonsa, abin da yake nunawa shi ne yana da gindin zama a ma'aikatar gwamnati, ko kuma yana da uwa a gindin murhu. Ɗan kasuwa mai zaman kansa kuwa a wancan lokaci ba shi da wurin tsayawa ko kaɗan, don ana ɗaukar sana'arsa laifi ce.

Rikoda da harshen Ingilishi

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. A 1977 aka maido da jarrabawar shiga jami'a ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka dakatar tun farkon Juyin Juya Halin Al'adu a 1966. A watan Disamba na 1978 kuma jam'iyya mai mulki, bisa jagorancin Deng Xiaoping, ta ɗauki manufar gyaran tattalin arziki da buɗe ƙofa, har aka keɓe Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen a 1980 su zama yankunan ciniki na musamman. Ta wannan gaɓar teku ta kudu ne rikodar kaset ƙirar Japan, musamman Sanyo, ta kwararo cikin ƙasa, wata ta hanyar kwastan, wata ta jiragen 'yan fasa-ƙwauri.

A nan ne muka fara ganin hali wanda zai daɗe yana maimaita kansa. Saurayi yakan roƙi iyayensa rikoda da sunan koyon Ingilishi, kuma ba ƙarya yake yi ɗungurungum ba, domin a 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin koyar da Ingilishi na BBC mai suna Follow Me, wanda ya sami masu kallo miliyoyi. Amma da dare rikodar nan waƙoƙin Teresa Teng take rerawa, mawaƙiyar Taiwan wadda hukuma ba ta amince da ita ba. Da yake sunan danginta da na jagoran ƙasar iri ɗaya ne, watau Deng, sai mutane suka riƙa raha cewa da rana babban Deng ake saurare, da dare kuwa ƙaramar. Wasu samarin har sukan saɓa rikodar su yi yawo da ita a titi, sanye da tabarau wanda ba a ɓamɓare takardar kamfani daga gilashinsa ba, don kowa ya san daga waje ya zo.

Babban yaya

A watan Nuwamba na 1987 aka buɗe layin wayar tafi-da-gidanka na farko a Guangzhou. Wayar ta kamfanin Motorola ce, girmanta kamar bulo, kuma batirinta ba ya wuce kimanin rabin sa'a ana magana. Kuɗinta ya kai wajen yuan 20,000, ban da wasu 6,000 na haɗa layi, a shekarar da matsakaicin albashin ma'aikacin birni bai kai yuan 1,500 ba a shekara guda cur. In muka tuna cewa a farkon shekarun 1980 gidan da ya tara yuan 10,000 har suna na musamman ake ba shi saboda ƙarancin irinsa, za mu gane nauyin abin da mutum ke riƙe da shi a hannu. Sunan da aka laƙaba wa wayar shi ne dageda, ma'ana babban yaya, kalmar da ta fito daga Hong Kong, inda finafinai ke nuna uban daba riƙe da irinta.

Marubuta da dama sun kalli wannan al'amari a matsayin fankama kawai. Mu dai muna ganin akwai abin da ya fi fankama. A wancan lokaci bankuna na gwamnati ne, kuma kamfanonin gwamnati suke bai wa rance. Dokokin ciniki ba su kafu ba, ɗan kasuwa mai zaman kansa kuma bai daɗe da fita daga jerin masu laifi ba. To, da me baƙo zai san cewa wanda ke zaune gabansa zai iya biyan kuɗin kaya? Idan attajiri ya shiga gidan cin abinci ya kafa wayarsa a tsaye bisa tebur kafin a fara magana, ya riga ya gabatar da abin da a wata ƙasa takardar banki ce za ta gabatar. Wannan shi ya sa aka sami masu aro da masu haya. Duk wanda ya san yadda babbar riga da rakiyar yara ke sauƙaƙa wa fatake karɓar kaya bashi a kasuwanninmu ba zai yi mamakin wannan ba. Sinawa suna kiran abin mianzi, watau fuska, wadda ta yi kusa da abin da muke kira mutunci, kuma a wurinsu jari ce da ake tarawa, ake kashewa.

Bayan rangadin da Deng ya kai kudu a 1992, dubban ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a suka ajiye aiki suka shiga kasuwanci, abin da ake kira faɗawa teku. Wanda bai kai ga babban yaya ba sai ya nemi na'urar kira, 'yar ƙaramar aba mai ƙara wadda ke nuna lambar mai nemanka, ka je ka nemi wayar kan titi ka kira shi. A kan bel ake maƙala ta, a tura riga cikin wando don kada ta ɓuya. Ko a nan ma akwai hawa-hawa, domin mai nuna rubutun Sinanci ta fi mai nuna lamba zalla tsada da daraja. Lambar kanta ma abin taƙama ce: takwas tana kama da kalmar arziki a furuci, huɗu kuwa da kalmar mutuwa. A 2003 kamfanin jiragen sama na Sichuan ya sayi lambar waya mai takwas guda takwas a birnin Chengdu a kan yuan miliyan 2.33.

Na'urar karatu

Ɗalibi bai iya shiga wannan gasa ba, amma masu masana'antu sun gano ƙofar gidansu. Tun wajen 1980 aka taƙaita haihuwa zuwa ɗa ɗaya a birane, don haka iyaye da kakanni duk suka ɗora burinsu a kan yaro guda da jarrabawa guda. Kamfanin Subor, a ƙarƙashin Duan Yongping, ya ɗauki na'urar wasa kwaikwayon ta Nintendo, ya haɗa mata allon buga rubutu, ya kira ta na'urar karatu, aka kuma ɗauko Jackie Chan ya yi tallarta. Iyaye suka saya don yaro ya koyi kwamfuta, yaro kuwa ya san abin da zai yi da ita in sun fita. A 1995 Duan ya kafa kamfanin BBK, wanda ya yi suna da rikoda mai maimaita jimla don koyon Ingilishi, kuma daga cikinsa ne Oppo da Vivo suka fito daga baya. Ƙamus na lantarki da Walkman su ma ta wannan ƙofa suka shiga aji. Duk abin da ɗalibi zai yi taƙama da shi a tsakanin tsaransa, sai ya fara samun sunan karatu a gaban iyaye.

Da waya ta zama ta kowa

A 2001 Sin ta zarce Amurka a yawan masu wayar hannu, a ƙarshen shekarar kuma aka rufe tsohon layin da babban yaya ke aiki a kai. Na'urar kira ta bi baya, har kamfanin China Unicom ya rufe wannan hidima a yawancin larduna a 2007. Ƙananan masana'antu na Shenzhen suka cika kasuwa da wayoyi masu araha, irin waɗanda suka iso mana nan muka kira su 'yan Caina. Mallakar waya ta daina bambanta kowa da kowa, sai dai sunan da ke bayanta.

Shi ne gurbin da iPhone ta cike bayan an fara sayar da ita a hukumance a watan Oktoba na 2009. A wannan karo ɗalibi da attajiri abu ɗaya suke nema, kuma babu sauran fakewa da karatu. Jami'o'i sun faɗaɗa ƙwarai tun 1999, ɗan manomi da ɗan mai masana'anta suka haɗu a ɗakin kwana ɗaya, kowa na ganin abin da ke hannun kowa. A 2011 wani yaro ɗan shekara 17 daga lardin Anhui ya sayar da ƙodarsa ɗaya a kan yuan 22,000, ya sayi iPhone da iPad, lafiyarsa kuma ta lalace. An gurfanar da dillalan da likitan a kotu a 2012, daga nan jama'a suka riƙa kiran wayar da sunan wayar ƙoda. Wannan lamari na mutum ɗaya ne, bai kamata a yi wa ɗaliban ƙasa duka hukunci da shi ba. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne bashin intanet da aka riƙa tallata wa ɗalibai a harabar jami'a, mai ruwa mai yawa, wanda sau da yawa waya ake saye da shi, har hukuma ta hana irin waɗannan kamfanoni bai wa ɗalibai rance a 2017. Attajirin 1990 ya riƙe waya ne don a ba shi kaya bashi ya juya. Ɗalibin nan kuwa bashin ya ci don ya riƙe wayar, ba shi kuma da abin juyawa.

Su ma attajiran ba su tsira daga ba'a ba. Da Apple ya fitar da waya mai ruwan zinariya a 2013, sai aka sa mata suna zinariyar tuhao, kalmar da a da ake kiran azzaluman masu gonaki da ita, aka mai da ita kan wanda ya yi kuɗi bai waye ba.

Sauyi na baya-bayan nan siyasa ce ta kawo shi. Bayan Amurka ta ƙaƙaba wa Huawei takunkumi a watan Mayu na 2019, riƙe wayar wannan kamfani ya zama alamar kishin ƙasa a wurin 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da yawa, musamman da ya fitar da Mate 60 Pro a watan Agusta na 2023 duk da takunkumin. A watan Satumba na 2024 ya fitar da Mate XT mai naɗewa gida uku, a kan yuan 19,999. Kusan kuɗin babban yaya ke nan na 1987, sai dai wannan karo ƙirar gida ce, kuma kuɗin da a da ya fi albashin shekara goma, yanzu albashin 'yan watanni ne ga ma'aikacin birni.