Daga Karan Maɗori zuwa Ƙarfen Taitaniyam

Tun kafin zuwan asibiti ƙasar Hausa, maɗori ne ke gyara karaya: ya ja ƙashi ya daidaita shi, ya jera karare, ya ɗaure da tsumma. A 1959 aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ko a asibiti, idan kan ƙashin ƙugu ya mutu, kamar yadda yake faruwa ga masu amosanin jini, sai an musanya shi da ƙarfe.

Wahalar ita ce jiki yakan ɗauki ƙarfe baƙo, ya kewaye shi da tantani, har ya soma girgiɗa. A 1952 Per-Ingvar Brånemark na Suwidin ya lura ƙashin zomo ya manne da taitaniyam. A 1969 Larry Hench na Amurka ya haɗa gilashin da ƙashi ke kamawa. A shekarun 1980 masana a Ingila da Holan suka fara fesa wa taitaniyam garin haidiroksi'afatait, ma'adinin da ƙashi ya ginu da shi. Sabon ƙashi yakan tsiro a kan wannan shafe, ya riƙe ƙarfen ba tare da siminti ba. Shi ya sa ake fifita shi ga matasa, waɗanda za su daɗe suna taka ƙafar.