Magana Jari Ce: Daga Takarda Zuwa Majigi

A duk lokacin da aka mai da wani tsohon labari fim, akan ji dattawan da suka karanta shi tun suna yara suna ƙorafi cewa an ɓata masu shi. Haka aka yi a Amurka sa'ad da kamfanin Disney ya sake fim ɗin The Lion King na 1994 a shekarar 2019. A ƙasar Hausa kuwa, littafin da ya fi dacewa a auna wannan ƙorafi da shi shi ne Magana Jari Ce, domin tarihinsa ya nuna cewa sake labari ba sabon abu ba ne.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ne ya shiga gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, da littafinsa Ruwan Bagaja. Ganin gwanintarsa, sai East ya kira shi Zariya a 1936, ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya nemi ya samar wa ƴan makaranta abin karantawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Yawancin labaran aro ne. Akun da ke ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari dare bayan dare don ya hana shi fita, asalinsa wani tsohon littafin Indiya ne. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Sarkin Busa shi ne mabushin nan na garin Hamelin a Jamus, Kalalatu kuwa, wadda ta cinye kajin baƙo ta kuma haɗa shi da mijinta, ta fito ne daga tatsuniyoyin ƴan'uwan nan biyu da ake kira Grimm. Amma Imam ya ba su fada da dogarai da kasuwa, ya sa masu karin magana a baki, har yaron da ya karanta bai taɓa zaton baƙi ba ne.

A Nijar, makarantar zamanin mulkin mallaka da Faransanci kaɗai take koyarwa, don haka littafin bai shigo ta ƙofar aji ba. Ya biyo ƴan kasuwa da matafiya ne. Bayan samun mulkin kai a 1960, azuzuwan yaƙi da jahilci sun ƙara yawan masu karanta boko da Hausa, sannan a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram. A karkara irin ta Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, mai karatu ɗaya kan wadatar da zaure guda: shi yana karantawa, sauran suna saurare kamar yadda suka saba sauraren tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Imam ya rasu a 1981. A cikin shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi fice. Ba shi ne littafin Hausa na farko da ya hau majigi ba, domin Adamu Halilu ya riga ya yi fim ɗin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976. Daga baya masu finafinan bidiyo na Kano suka juya ga tatsuniya, aka yi Daskin Da Riɗi a 1998. Ta haka aka samu zuriya biyu: wadda ta san aku a takarda, da wadda ta san shi a allon talabijin. Kowace tana ganin nata ne na ainihi, alhali kuwa ko wanda ke takardar gyararre ne.

Saboda haka, laifin fim ba ya cikin canza labari. Imam da kansa ya canza. Inda hasara take shi ne harshe. Ƙarfin littafin yana cikin zance: habaici, ba'a, da iya jera kalma har sarki ya sauko daga fushi. Na'urar ɗaukar hoto tana iya nuna rawani da doki, amma in aka taƙaita zancen don a hanzarta labari, an ci riba an zubar da uwar kuɗi.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu yake. Yaran da ke kallo a wayar salula ba za su yi begen abin da ba su taɓa ji ba. Ya kamata a karanta masu labari guda a aji da babbar murya, a nuna masu wasansa in an samu, a tambaye su abin da ya ragu da abin da ya ƙaru, sannan a bar su su shirya nasu a dandalin makaranta. Wanda ya yi haka ya bi sawun Imam, domin shi ma abin da ya tarar ya ɗauka ya gyara wa yaran zamaninsa.