Wuƙar Gida: Ruwanta da Ƙotarta a Tarihin Limawa

Tun kafin Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a shekarar 1991, da wuya a ga magidanci a Limawa ya kama hanyar gona ko kasuwar Shuwarin ba tare da 'yar wuƙa a aljihu ba. Da ita yake fere rogo, ya yanke igiya, ya fiƙe alƙalamin ɗansa mai zuwa makarantar allo.

Maƙeran ƙasar Kano, wadda Dutse take cikinta a da, sun daɗe suna samun ƙarfe daga tama. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya yawaita, narkar da tama ta ja baya. Daga bisani sai maƙera suka koma ga sifirin tsohuwar mota, saboda yana riƙe kaifi. Ƙarfe ya sauya, amma zuga-zugi da gawayin ƙirya da siffar ruwan wuƙa suna nan yadda aka gada.

Ita siffar kuwa aiki ne yake tsara ta. Wuƙar fiɗa tana da ciki mai lanƙwasa, domin ta bi tsakanin fata da nama ba tare da ta huda fatar ba, don dukawa ba sa son fata mai ɓula. Askar wanzami gajera ce, siririya, ba a haɗa ta da wani aiki. Wuƙar damtse, ta matafiya da mafarauta, baki biyu gare ta da tsini. Ta aljihu kuwa baki ɗaya ce, an bar bayanta da kauri domin babban yatsa ya sami wurin dannawa.

Ƙota ita ce ke nuna halin mai wuƙa. Ana sassaƙa ta da ice mai tauri kamar marke ko aduwa, wani lokaci da ƙaho. Maƙiyanta biyu ne: hunturu mai tsaga ice, da laimar damina mai kawo tsatsa a inda ƙarfe ya shige cikin ƙota. Shi ya sa iyayenmu ba sa jiƙa wuƙa cikin ruwa. Sukan goge ta, su shafa mata man gyaɗa ko man kaɗe, sai ta bushe sarai sannan ta koma kube. In ƙota ta fara girgiɗi, wurin maƙeri ake mayar da ita, ba a yar ba.

Ya 'yan'uwa mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas, yau wuƙar kanti mai ƙotar roba ta cika gidajenmu, kuma maƙerin da ba a saye a hannunsa ba zai koya wa ɗansa sana'ar ba. In Allah Ya kai mu Babbar Sallah muka zo gida, mu nemi wuƙar da mahaifi ya bari, mu kai a wasa ta, mu yi layya da ita, mu kuma sayi sabuwa a maƙera domin 'ya'yanmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci Limawa, amin.