Zaɓen iri a cikin ƴan Adam da batun yawan jama'a

Manomi yakan ware zangarniya mai kyau ya ajiye don iri. A shekarar 1883 wani masani ɗan Ingila, Faransis Galton, ya raɗa suna ga ra'ayin cewa haka ya kamata a yi wa mutane: a ƙarfafa wa waɗansu su haifu, a hana waɗansu. Wannan shi ne aƙidar zaɓen iri.

To, wa zai yi zaɓen? Masu iko ne suka yi, kuma a kan talaka, naƙasasshe da mai taɓin hankali hukuncin ya faɗa. A Amurka, jahar Indiyana ta kafa dokar yanke haifuwa da tilas a 1907, daga baya aka yi wa mutane fiye da 60,000 wannan aiki a ƙasar. Jamus ta Hitila ta kafa tata dokar a 1933, aka yanke haifuwar mutane wajen 400,000, sannan aka shiga kashe naƙasassu. Ilimi ma bai goyi bayan aƙidar ba, domin ba a gadon talauci a cikin jini.

Bayan yaƙin duniya na biyu sunan zaɓen iri ya ɓaci, amma tilas ɗin ya dawo da sabuwar hujja, wato yawan jama'a. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandi, daga 1975 zuwa 1977, an yanke haifuwar mutane miliyoyi, mafi yawansu maza talakawa. An tilasta wa malaman makaranta da ma'aikata su kawo mutane, wanda ya kasa a riƙe masa albashi. A zaɓen 1977 jama'a suka kayar da gwamnatin.

Me ya sa mutane suka ƙaru? Babban dalili shi ne mutuwa ta ragu. Rigakafi, ruwa mai tsabta da magunguna sun sa yara suna rayuwa, har aka kawar da agana daga duniya a 1980. Haifuwa kuwa ba ta raguwa nan da nan, sai iyaye sun tabbata ƴaƴansu za su girma. Ga kuma auren wuri, da bukatar hannuwa a gona, da rashin wanda zai riƙe tsoho in ba ɗansa ba. A Nijar ƙidayar 1977 ta sami mutane wajen miliyan 5, ta 2012 ta sami miliyan 17. Duniya ta kai biliyan 8 a 2022.

A jahar Kerala ta Indiya, inda aka sa ƴan mata makaranta aka kuma kula da lafiyar yara, haifuwa ta ragu tun kafin yawancin sauran jahohi. A taron Alƙahira na 1994, ƙasashe 179 sun amince cewa miji da mata ne ke da haƙƙin tsaida yawan ƴaƴansu da tazarar da ke tsakaninsu, ba tare da tilas ba.