Kwanson Harsashi: Yadda Abin Yarwa Ya Zama Ma'aunin Gwaninta

A wurin soja, kwanson harsashi shara ne: a harba, ya faɗi ƙasa, a wuce. Amma maharban gasa a Amurka sun shafe fiye da ƙarni guda suna yi masa kallon ginshiƙin sana'arsu.

Dalili kuwa shi ne, a cikin kwanso albarushi ke ƙonewa. Idan bangon wani ya ɗara na wani kauri, sararin cikinsa zai ragu, matsin zai ƙaru, gudun harsashi ya sauya, ya sauka inda ɗan'uwansa bai sauka ba.

A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin shahararren maƙerin bututun bindiga Harry Pope, maharba da dama sun kauce wa matsalar ta hanyar riƙe kwanso guda ɗaya tak, suna sake ɗura masa albarushi bayan kowane harbi. Kwanso dai ba ya saɓa wa kansa.

Al'amarin ya ɗauki sabon salo a 1947, lokacin da Harvey Donaldson da abokansa suka shirya gasar harbi daga kan teburi a Johnstown ta jihar New York. A 1951 aka kafa ƙungiyar NBRSA. A wannan gasa, ana auna tazarar da ke tsakanin ramuka biyu mafi nisa da juna cikin harbi biyar. Harbi a jere cikin ƙayyadadden lokaci na buƙatar kwansuna masu yawa, don haka tantancewa ta zama wajibi: a ɗora kowanne a sikeli, a auna kaurin wuyansa, a ware bare.

Sakamakon ya bayyana a fili. A 1973 Mac McMillan ya tara harbi biyar cikin inci 0.009 daga nisan yadi 100, bajintar da ta yi shekara 40 kafin Mike Stinnett ya shafe ta a 2013.

A tsakiyar shekarun 1970, Louis Palmisano da Ferris Pindell suka fito da harsashin 6mm PPC, wanda ya mamaye fagen. Abin mamaki, tsatson kwansonsa na komawa ga harsashin AK-47, bindigar da aka ƙera don juriya, ba don ƙwaƙƙwafi ba. Da kamfanin Lapua na Finlan ya fara ƙera kwansunan da bambancinsu bai taka kara ya karya ba, wani ɓangare na aikin tantancewa ya koma masana'anta.

Har yau ana muhawara, domin nauyin kwanso ba kullum yake nuna girman cikinsa ba. Amma manufar ba ta sauya ba: a kawar da duk wani bambanci, ta yadda in an kuskure, babu abin zargi sai iska ko hannun maharbi.