Zafin Kan Ɗalibin Likita: Daga Aro Zuwa Kasuwar Malam Atta

A Kasuwar Malam Atta na ci karo da wata Hajiya, tsohuwar maƙwabciyarmu a Nima, tana cinikin maganin zafin kai wurin mai saiwoyi. Na ɗanta ne, wanda ke aji huɗu a karatun likita. Ta ce, "Ɗan nan, kansa kamar an hura wuta, wuya ya riƙe, barci ya ƙaurace masa. An auna jini an ce lafiya lau. Ni dai ina zargin hannu aka sa masa."

Wannan ciwo ya girmi ɗan Hajiya nesa ba kusa ba. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayani kan ɗaliban Najeriya masu irin wannan kuka: zafi ko tafiyar kiyashi a ka, ciwon wuya, dishi-dishin ido, da karatun da ba ya zama. Ya kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa, ya ɗora laifin kan karon boko da al'adun Afirka. Daga baya masana suka nuna cewa tun ƙarni na 19 ana kuka da irinsa a Ingila. Ashe ba launin fata ba ne, damuwa ce: abin da baki ya kasa faɗa, jiki ke faɗa.

To me ke hana bakin faɗa? A nan Ankara tarihi ya ba da amsa. An buɗe gidan mahaukata a 1906, shekara 17 kafin asibitin Korle Bu, kuma tsarewa ya fi yi, ba magani ba. Har yau unguwar Asylum Down sunansa take ɗauke da shi. Sai a 1951 likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata, E. F. B. Forster ɗan Gambiya, ya kama aiki a can. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta zo a 2012, kuma sai a 2023 majalisa ta soke hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Doka ta canza, kunya ta zauna.

Ɗan zangon da ya samu gurbin likitanci, dangi kaf ya goya. Tun yana aji ɗaya ake ce masa Dokta, alhali kuɗin makarantarsa daga adashi da tiren waakye ya fito. Ga jarrabawa, ga kwanan asibiti, ga gawar farko. Da wane baki zai ce ya gaji? Gara ya ce kai ke ciwo.

Na ce, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, amma a kai shi ga likitan da zai saurare shi. Kuma in ya dawo gida, ki kira shi da sunansa na yanka."

Ta yi shiru, sannan ta ce rabonta da kiransa haka tun ranar da takardar shiga makarantar ta fito.